Yadda Ake Zaɓa Tsakanin Efoksi da Foliyuriya Wajen Shafe Daɓen Kankare

Daɓen kankare da aka bari ba a shafa masa komai ba yana da halaye da duk mai sito ko gareji ko masana'anta ya san su. Yana tayar da ƙura daga jikinsa komai yawan shara, yana shanye mai da duk wani ruwa mai launi da ya zube a kansa, sannan yana zaizayewa a inda tayoyin baro da na mota suke yawan bi. Idan tayil ba zai iya ɗaukar nauyin aikin ba, ko kuma ana son daɓe shimfiɗa guda wanda datti ba zai samu wurin maƙalewa ba, abin da aka fi komawa gare shi a yau shi ne a shafe kankaren da ruwan roba mai kauri wanda yake daskarewa ya zama fata guda a kansa. Iri biyu aka fi gwada su da juna. Akwai efoksi, wanda mutane da yawa suka sani ta hanyar daɓen nan mai sheƙi da hotuna da ake kira 3D, akwai kuma foliyuriya, wadda ta zo daga baya ake kuma tallata ta a kan cewa ta fi efoksi ta kowace fuska. A ganina wannan talla ta wuce gona da iri, domin halin kankaren, da ranar da za ta riƙa dukansa, da lokacin da ake da shi, da ƙwarewar masu aiki su ne suke yanke hukunci, kuma da su ya kamata a fara kafin a tambayi farashin gwangwani.

Abin da kowannensu yake

Efoksi kashi biyu ne, A da B, wato ƙaro da kuma sinadarin da ke daskarar da shi, kuma ba ya bushewa da iska kamar fentin bango, haɗuwar kashin biyun ce take mayar da shi abu mai tauri. An gano shi a Jamus da Suwizalan a shekarun 1930, kamfanin Ciba kuma ya fito da shi kasuwa a 1946 da sunan Araldite, wato gam ɗin nan mai kwalba biyu da makanikai da masu gyaran kaya suka daɗe suna aiki da shi. Na daɓe ɗan'uwansa ne. Bayan an gauraya shi yana ba mutum kamar minti 20 zuwa 45 na aiki a wuri mai matsakaicin zafi, ana iya takawa a kansa bayan awa 12 zuwa 24, amma ba ya kai cikakken ƙarfinsa sai bayan kwana 7. Wannan jinkirin nasa alheri ne ga kankare, saboda yana samun lokacin ratsa ƙananan ramukan da ke fuskar daɓen ya kama su da kyau. Idan ya daskare yana da tauri irin na tangaran, yana jure nauyi da mai da fetur da sabulu mai ƙarfi, amma ba ya miƙewa, don haka idan kankaren da ke ƙarƙashinsa ya tsage shi ma zai tsage. Babban rauninsa kuma rana: tana mayar da shi ruwan ɗorawa, daga baya fuskarsa ta dushe ta riƙa fitar da gari.

Ita foliyuriya suna ɗaya ne da ya rufe abubuwa biyu masu bambanci sosai, kuma rashin rarrabe su shi ne yake sa mai gini ya biya kuɗin wani abu a kawo masa wani. Ta farko ita ce ta feshi, wadda aka samar a Amurka a ƙarshen shekarun 1980 a kamfanin sinadarai na Texaco. Tana daskarewa cikin daƙiƙoƙi kaɗan, saboda haka ba a gauraya ta a bokiti ba a kuma shafa ta da rola. Ana buƙatar inji na musamman da yake dumama kashin biyun zuwa digiri 60 ko 80 a ma'aunin Salshiyos, ya tura su da matsi mai ƙarfin gaske su haɗu a bakin bindigar feshi. Tana iya miƙewa ninki uku ko fiye kafin ta yanke, shi ya sa ake rufe tankunan ruwa da rufin dakin, wato rufin kankare, da bayan motocin ɗaukar kaya da ita. Mafi yawan ta feshin nau'in aromatik ce, wadda rana take canza mata launi duk da cewa ƙarfinta ba ya raguwa da sauri. Ta biyu ita ce foliyasfatik, wadda kamfanin Bayer na Jamus ya fito da ita a farkon shekarun 1990. An rage mata saurin daskarewa har ana iya shafa ta da rola, nau'in alifatik ce wadda rana ba ta canza mata launi, ana takawa a kanta bayan 'yan awoyi, mota kuma tana iya hawa washegari. Yawancin abin da ake sayarwa masu gareji da shaguna da sunan foliyuriya wannan ta biyun ce, kuma ba ta miƙewa kamar ta feshi. Don haka tambaya ta farko ga duk ɗan kwangilar da ya ce zai sa foliyuriya ita ce wacce daga cikinsu, a kuma nemi ya nuna takardar bayanin da kamfanin da ya haɗa ta ya buga.

A fara da kankaren

Mafi yawan daɓen da ake gani ya kumbura ko ya saɓule, laifin yana ga abin da ke ƙarƙashi, kuma babu bambanci a nan tsakanin mai arha da mai tsada. Sabon kankare yana buƙatar aƙalla kwana 28 kafin a shafa masa komai. Bayan haka sai a duba damshi, kuma a nan nake so mai karatu ya dakata, domin da yawa daga cikin gine-ginenmu an zuba musu jaman fulo kai tsaye a kan ciko ba tare da an shimfiɗa ledar tare damshi ba. A irin wannan daɓe ruwan ƙasa yana tasowa a matsayin tururi ya ratsa kankaren ya fita ba tare da kowa ya lura ba. Ranar da aka rufe fuskar da roba, tururin ya rasa mafita, sai ya taru ya ɗaga shafin, a ga ƙuraje sun fito, idan an huda su a samu ruwa. Abin ya fi tsanani a filayen fadama da unguwannin da rijiya ba ta da zurfi.

Gwaji mafi sauƙi shi ne a yanko leda mai kauri mai faɗin santimita 45 ta kowane ɓangare, a manna ta a kan daɓen da salatif ta yadda iska ba za ta shiga ba, a bar ta aƙalla awa 16, gara ma kwana guda cur. Idan an ɗaga an ga raɓa a jikin ledar, ko kankaren ya yi duhu a wurin, to akwai damshi. A yi wannan a wurare da dama, musamman kusa da bango da bayan gida da inda bututun ruwa ya bi. Sai dai gwajin leda yana iya nuna matsala amma ba ya tabbatar da rashinta, kuma daɓen da ya nuna bushewa a watan Maris yana iya jiƙewa a watan Agusta. Saboda haka a babban aiki ya kamata a kawo na'urar auna damshi, inda yawancin kamfanoni suke sharɗanta kada ya wuce kashi 4 cikin ɗari. Idan ya wuce, akwai efoksi na musamman da aka haɗa don tare tururi, shi ake fara shafawa. A wannan fage efoksi ya fi, domin foliyasfatik a kan kankare mai damshi tana saurin saki, ita kuwa ta feshi, ko da yake laimar iska ba ta hana ta daskarewa, saurinta ba ya ba ta damar ratsa kankaren, don haka kusan kullum sai an riga an shafa mata firaima, wato shafin farko da ke ratsa kankaren, kuma sau da yawa firaimar efoksi ce.

Sai ƙarfin kankaren kansa. Kamfanonin da ke haɗa waɗannan kaya sukan nemi kankare mai ƙarfin da bai gaza 25 ba a ma'aunin injiniyoyi na nuton a kan murabba'in milimita. Wanda ba shi da hanyar aunawa zai iya karce daɓen da ƙusa mai inci shida: idan tana haƙa rami yashi yana fita, an yi rowar siminti ko an cika ruwa a kwaɓin, kuma duk abin da aka shafa zai ɓalle tare da fatar kankaren. A kuma bi daɓen ana ƙwanƙwasa shi da guduma, duk inda ya yi ƙarar holoƙo a fasa a sake cikewa. Wannan yana yawan faruwa a inda aka yi siririn fulasta a kan jaman fulo don a daidaita shi.

Gurza ba ta da madadi. A saman kowane kankare akwai wata siririyar fata mai rauni ta madarar siminti, wadda birkiloli sukan ƙara mata santsi da yayyafa garin siminti suna shafewa da cokali, kuma dole a cire ta da injin gurza mai haƙoran daimon har fuskar ta yi kaushi ta buɗe. Wasu suna wanke daɓen da asid don gudun kuɗin hayar inji. Ban goyi bayan haka ba, saboda asid ba ya cin wurin da mai ya taɓa, yana ƙara wa kankaren ruwa, kuma ragowarsa tana lalata kamun shafin. Bayan gurza a zuƙe ƙurar da inji, tsintsiya ba ta isa ba, sannan a ɗiga ruwa kaɗan a gani: idan ya shige cikin ɗan lokaci, fuskar ta buɗe, idan ya tsaya ya dunƙule, akwai sauran mai ko tsohon fenti. Garejin da baƙin mai ya daɗe yana zuba a cikinsa yana buƙatar wanki da sinadarin cire maiƙo sau da yawa, wani lokaci ma sai an sare wurin an sake zubawa. Tsagar da ta tsaya ana faɗaɗa bakinta da injin yanka a cike ta. Amma layukan da aka yanka da gangan don kankare ya samu wurin motsi, ba a rufe su da efoksi, ana barinsu a cike su da abin cikewa mai laushi.

Wanne ya dace da wane wuri

Idan wurin a rufe yake, rana ba ta shiga, kuma ana iya dakatar da aiki na mako guda, efoksi ne zaɓin da ya fi hankali. Sito, ɗakin gwaje-gwaje, kantin magani, ɗakin cika ruwan leda, da yawancin zaurukan masana'antu irin na Bompai da Sharaɗa da Challawa a Kano duk sun shiga wannan sahu. Litarsa ta fi arha, ana iya zuba shi da kaurin milimita 2 zuwa 3 ya baje da kansa ya rufe ƙananan kwazazzaban daɓen, kuma masu iya aikinsa sun fi yawa, wanda hakan ba ƙaramin abu ba ne ranar da ake neman mai gyara.

Idan kuwa rana tana dukan wurin, kamar baranda, ko farfajiya, ko bakin gareji da ke buɗe yini guda, ko ɗakin baje koli mai manyan gilasai, to fuskar sama ta zama foliyasfatik. Haka nan shagon da ba zai iya rufewa fiye da kwana ɗaya ko biyu ba, domin ribar da za a rasa a mako guda tana iya fin bambancin farashin. Foliyasfatik tana kuma fin efoksi jure karce da zafin tayar motar da ta dawo daga tafiya, wanda yakan ɗaga siririn efoksi mai arha. Ita ta feshi wurinta shi ne inda ake son tare ruwa a kan kankare mai motsi: rufin dakin, tanki, magudana, filin ajiye motoci na bene. Ba ta ba da santsi da sheƙin da ake so a falo, kuma kawo injinta da janareta mai ƙarfi saboda ƙaramin ɗaki asarar kuɗi ce.

Abin da nake ba da shawara a kansa a mafi yawan gareji da shaguna shi ne a haɗa su: efoksi a ƙasa don ya kama kankaren ya ba da kauri, foliyasfatik a sama don ta tare karce ta riƙe sheƙi. Sai dai idan rana tana dukan wurin kai tsaye, shafin saman ya zama mai launi, saboda wanda yake garau kamar ruwa ba ya hana efoksin da ke ƙarƙashi canza launi gaba ɗaya. Akwai kuma wurin da duka biyun ba su dace ba. Ɗakin da ake sarrafa madara da yogot, ko babban kicin da ake kwarara tafasasshen ruwa a ƙasa, yana haɗa tsami da zafi na farat ɗaya, efoksi na yau da kullum kuma yana fara laushi tun daga wajen digiri 60. Irin wannan wuri wani kaya na daban, simintin foliyuretan, mai kaurin milimita 6 zuwa 9 ake zuba masa. Inda ake cajin batura ko ajiye asid kuma a nemi jadawalin juriyar sinadarai na kayan kafin a saya.

Lissafin kaya da ranar aiki

Lita ɗaya ta kayan da babu tina a cikinsu tana rufe murabba'in mita ɗaya da kaurin milimita ɗaya. Da wannan ƙa'ida kowa zai iya bin diddigin ɗan kwangila. Sito mai murabba'in mita 200 da za a shafa wa kaurin milimita 0.3 yana cin lita 60 a kowane shafi, idan kuma zubi ne na milimita 2 yana cin lita 400, ban da firaima da abin da kankaren zai shanye. Wanda ya yi alkawarin milimita 2 ya zo da lita 100, rabin milimita zai bayar. A kuma duba yawan daskararren abu da aka rubuta a takardar kayan, domin idan kashi 50 ne cikin ɗari, rabin abin da aka shafa zai bi iska. Ƙara tina don kaya su yalwata ha'inci ne, kuma yana raunana daɓen. Tunda yawancin kayan daga waje ake shigo da su, a duba ranar da aka haɗa su, a guji gwangwanin da ya daɗe a rana ko wanda aka taɓa buɗewa, musamman kashin foliyuriya mai ɗauke da sinadarin aisosayanet, wanda laimar iska kaɗai take lalata shi.

Zafin ƙasarmu yana canza duk lokutan da aka rubuta a jikin gwangwani, saboda an auna su ne a digiri 20 zuwa 25. Ƙa'idar da masu aikin suke bi ita ce duk ƙarin digiri 10 yana rage lokacin aiki da kusan rabi. Kayan da aka ce suna ba da minti 30 za su ba da kamar 15 a digiri 35, a watan Afrilu kuwa, lokacin da Kano da Sakkwato da Maraɗi suke haura digiri 40, foliyasfatik tana iya kamawa rola tana hannu. Wannan shi ne dalilin da ya sa nake jan kunnen wanda bai taɓa aikin ba kada ya fara koyo da ita. A ajiye gwangwanayen a inuwa mai sanyi tun jajibiri, a gauraya kaɗan kaɗan, a kuma juye abin da aka gauraya a kan daɓen nan take, domin idan ya zauna a bokiti yana ɗaukar zafi da kansa har ya yi hayaƙi ya sandare. Da damina laima tana ƙara wa foliyasfatik sauri, efoksi kuma tana iya bar masa wani farin maiƙo a fuska wanda yake hana shafi na gaba kamawa, kuma ba a shafa komai sai zafin daɓen ya ɗara matakin saukar raɓa da digiri 3. Da hunturu matsalar ƙura ce, sai an toshe tagogi da ƙofofi, ga kuma sanyin dare da yake jinkirta efoksi, wanda ba a so a yi aikinsa ƙasa da digiri 10.

Firaima da yamma ake shafa ta, lokacin da daɓen ya fara hucewa. Kankaren da yake ɗumama da safe yana fitar da iskar da ke cikin ramukansa, iskar kuma tana huda ɗanyen shafi ta bar ƙananan ƙofofi kamar na allura. Wajen gauraya a bi ma'aunin kamfani daidai, da sikeli ko da kofin awo gwargwadon yadda aka rubuta, kada a ƙara kashin B da zaton zai hanzarta bushewa, domin abin da zai haifar shi ne daɓe mai danƙo ko mai gautsi. A kaɗa da injin huda da aka ɗaura wa mabugi, a hankali, na minti 2 zuwa 3, ana kankare gefen bokitin da gindinsa. Aiki ne na mutum uku aƙalla: mai gauraya, mai bajewa, da mai bi da rola. Tsakanin shafi da shafi akwai wa'adi, wanda a efoksi yakan kai kwana guda, a foliyasfatik kuma 'yan awoyi ne, kuma idan ya wuce sai an bi fuskar da sanfefa kafin a ɗora na gaba. Duk inda ruwa ko mai zai taɓa, a watsa busasshen yashin kwaz a kan ɗanyen shafi sannan a rufe shi da na sama, domin daɓe mai sheƙi idan ya jiƙe yana kayar da mutum.

Lafiyar masu aiki ba abin sakaci ba ce. Ƙurar gurza kankare tana ɗauke da silika da take taruwa a huhu ta jawo cutar da ba ta warkewa, don haka a haɗa injin gurza da mazuƙin ƙura, a sa takunkumi na gaske, ƙyalle a hanci ba ya tare ta. Kashin B na efoksi yana ƙona fata, kuma wanda jikinsa ya fara ƙinsa yakan ci gaba da yin ƙaiƙayi da kumburi duk lokacin da ya taɓa shi, saboda haka a sa safar hannu ta naitiril da tabarau, kada kuma a wanke hannu da tina. Aisosayanet da ke cikin foliyuriya yana jawo asma, haɗarin kuma ya fi yawa a wajen feshi, inda mai riƙe da bindiga yake buƙatar rigar da ta rufe jiki duka da takunkumi mai kawo iska daga waje.

Kafin a sa hannu a kan babban aiki, a nemi ɗan kwangilar ya yi gwaji a murabba'in mita ɗaya ko biyu a wurin da ya fi muni a daɓen, da irin gurzar da kayan da ya yi alkawari. Bayan mako guda a sa kurfi a gefensa a gwada ɓamɓarewa. Idan ya fito da ɓarɓashin kankare manne a bayansa, kamun ya yi kyau, idan kuma ya saɓule fes, gurzar ba ta isa ba ko akwai damshi. A rubuta a takardar yarjejeniya sunan kayan, da yawan lita, da yawan shafi, da kaurin da za a samu, da hanyar gurza, da sakamakon gwajin damshi, a kuma riƙe wani kaso na kuɗin har damina guda ta wuce a kan daɓen.